In ka je gari ka ga kowa da wutsiya

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Karin maganarmu ta yau ita ce: "In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura." Wani bincike ne ya tuno min da ita, wanda masana daga Landan da Denmak suka fitar a mujallar Science Advances a 2025. Sun tara manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu aiki da kansu, daga 24 har 200, ana haɗa su bibbiyu, kowace ta zaɓi suna ɗaya cikin jerin sunaye. In zaɓinsu ya zo ɗaya a ba su maki, in ya saɓa a zaftare. Babu shugaba, ba a ma gaya musu suna cikin taro ba, kowace haɗuwarta ta baya-bayan nan kawai take tunawa. Amma a ƙarshe duk suka tsaya kan suna guda. Wannan ba ɗaura wutsiya ba ne?

Baba na Kanwuri: Wa'alaikumus salam. Yaro, ka aza magana inda ba ta zamna ba. Wagga magana ta baƙo ce wanda yat tarad da gari da al'adatai. Su waɗanga naka wane gari sunka iske? Duk baƙi na. Wa yaɗ ɗaura ta farko?

Ɗan Mabera: Allah ya ƙara girma, Baba, ai nan abin yake. Babu ta farko. Biyu suka dace, suka sake, wasu suka ci karo da su suka ɗauka.

Mai Kabu-kabu: Ni na gane wannan. A bakin kasuwa ba wanda ya rubuta mana layin ɗaukar fasinja. Amma ka tsallake wanda ya riga ka, ranar za ka ji baƙar magana har ka koma gida. Tsoron wannan ne ke koya wa sabon shiga, ba kallo ba.

Malama ta Runjin Sambo: Ɗan'uwa ya taɓo jijiyar. A 2022 masanan DeepMind, wani kamfanin binciken ƙirƙirarriyar basira, sun buga wani gwaji a mujallar PNAS. Manhajoji ne ke tsintar 'ya'yan itace, iri ɗaya mai guba ne amma ba ya kamu nan take. Wadda ta ci abin da aka hana sai alama ta fito mata, sauran su samu lada in sun hukunta ta. Hukunci suka fara koya, bin doka ya biyo baya. Abin da ya fi ba ni mamaki: da aka ƙara hani marar dalili kan ɗan itacen da ba ya cutar da kowa, sai suka fi saurin ƙwarewa wajen hukunci, har suka fi guje wa mai gubar. Wutsiyar banza ma tana da aiki ke nan.

Baba na Kanwuri: Ɗiyata, a nan ni ka tsoro. Mu da munka ji ta ga tsohi, rabinta shawara ta, rabinta ba'a. Mutum shina ɗaurawa shina sane da ba tashi ba ta, ya hita gari ya kwance. Na'ura ta san ranar kwancewa?

Malama ta Runjin Sambo: Baba, tsoronka da hujja. A binciken 2025 ɗin an ga taron ya karkata ga wasu sunaye alhali in ka gwada kowace ita kaɗai ba ta da wannan son kai. An kuma ga 'yan tsiraru da suka kafe kan wani suna sun juya taron gaba ɗaya. Ga mutane ma an gwada a 2018, aka samu kusan kashi 25 cikin 100 sun isa su juya sauran.

Mai Kabu-kabu: To ina "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi"?

Ɗan Mabera: Yana nan, amma sai in ba a samu masu taurin kai ba.

Baba na Kanwuri: To ku gaya man, masu taurin kan ga, wa ka aiko su cikin taron?