Neman shawara: wace kala zan shafa wa daɓen katakon falona?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Gidanmu na gado yana wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɓangaren da yake da zaure da turaka ne ya faɗo a kasona. Yayanmu ya so a sayar da gidan a raba kuɗi, ƙannenmu mata suka ƙi, sai da kawunmu ya shiga tsakani kafin aka daidaita, ni kuma na ɗauki alkawarin gyara wurin yadda duk wanda ya zo gida zai sami masauki. Na canza kwano, na yi silin, na faɗaɗa turakar ta zama falo. Da yake mahaifiyarmu tana fama da ciwon gwiwa, kuma sanyin siminti yana wahalar da ita da hunturu, sai na zaɓi a shimfiɗa katako maimakon tayil. Na sayo shi a Na'ibawa 'Yan Katako, an shimfiɗa, an goge da sanfefa, saura kala da banish, wato man da ake shafawa a ƙarshe don sheƙi da kariya. A nan na tsaya. Maiɗakina tana son mai duhu sosai, dab da baƙi, saboda kujerunta masu ruwan madara ne. Ni kuma raina yana kan ruwan makuba. Kafinta ya ce duk wadda na zaɓa zai shafa, amma in hanzarta domin wani aiki yana jiransa a Dutse, ga shi bikin ƙanwarmu ya matso. Don Allah wace ce ta fi?

Alhaji Mai Katako:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu labarin gado, amma ba ka faɗa mana wane irin katako ka saya ba, alhali amsar tana wurin. Kala ɗaya idan aka shafa ta a kan afara da maɗaci da iroko, launi uku za ta bayar, domin kowanne yana da nasa launin da kuma yadda yake shan ruwa. Ka kuma faɗa mana ko tagogin falon suna shigo da rana.

Baban Hafsat:
Iroko ne, ranka ya daɗe, haka mai sayarwar ya tabbatar mini. Taga biyu ce, duka suna kallon gabas.

Alhaji Mai Katako:
To idan iroko ne, kada ka shafa masa kala ko kaɗan. Na yi shekaru a wannan sana'a, kuma ina faɗa maka ba tare da shakka ba cewa iroko da kansa yake rina kansa. Lokacin da aka fere shi yana fitowa rawaya-rawaya, amma da zarar ya fara shan haske, a cikin 'yan watanni zai koma ruwan ƙasa mai kyau, kuma zai ci gaba da yin duhu. Wanda ya ɗora masa kala mai duhu yau yana ƙara duhu ne a kan duhun da yake tafe, ƙarshenta zanen jikin katakon da ka kashe kuɗi dominsa ya ɓace. Abu na biyu, iroko yana da maiƙo a jikinsa, shi ya sa kala ba ta kama shi daidai, wani wuri ya sha, wani wuri ya ƙi. A share ƙurar sanfefa, a goge shi da tsumma da tina, wato ruwan tsinka fenti, a shafa sila, wato shafin farko mai toshe ƙofofin jikin katako, sannan banish shafi uku, ana bi da sanfefa mai laushi tsakanin shafi da shafi. Wannan ita ce magana.

Maman Walid:
Ɗan uwa, ka ji tsoron Allah a kan wadda za ta riƙa sharar falon nan. Ni a Gumel nake, kuma maigidana ya sa an yi mana gado da durowa da ƙofofi masu duhu ba tare da ya tambaye ni ba, domin a ganinsa sun fi kama da na masu hali. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ni da hutu. In na goge da safe, kafin azahar ƙura ta kwanta fari fat, har yara suna rubuta sunayensu da yatsa a jikin durowa, baƙi kuma in sun shigo ni suke kallo a matsayin ƙazama. Wannan fa kayan ɗaki ne da suke tsaye, ina ga ƙasa da ake takawa? Duk sawun ƙafa zai fito, haka duk ƙarzanen da ƙafar kujera ta yi. Amma duk da haka ka bi ra'ayin matarka a hankali, domin abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rashin shawarar, ba kalar ba.

Baban Hafsat:
Na gode Hajiya. Ita ce ai take son mai duhun, ba ni ba, kuma muna da labule masu kauri, ƙurar ba za ta kai yadda kike faɗa ba. Alhaji kuma, na ji bayaninka, sai dai rawayan nan da nake gani yanzu bai kwanta mini ba sam, kuma ba zan so baƙin biki su tarar da shi haka ba. Ɗakin kakarmu daɓen makuba ne, ja mai duhu yana sheƙi, kuma irin wannan launin nake so mahaifiyarmu ta riƙa gani.

Malamin Firamare daga Kazaure:
Burinka mai kyau ne, kuma ana iya kusantar launin makuba da kalar da masu fenti suke kira mahogani. Shawarata ita ce kada ka zaɓa daga hoton jikin gwangwani. Ka sa kafinta ya ɗauko guntayen da suka rage daga katakonka, ya goge su da lambar sanfefar da ya gama daɓen da ita, domin wanda aka gama da lamba 80 ya fi shan kala a kan wanda aka gama da 120, saboda haka ya fi yin duhu. Ya shafa wa ɗaya mahogani, ɗaya mai duhun da uwargida take so, ɗaya kuma ya bar shi haka, sannan dukansu a shafa musu banish, tunda banish mai mai yana ƙara ruwan zuma a kan kowace kala. Ku ajiye su a ƙasan falon kusa da kujerun, ku duba da hantsi, ku sake dubawa da dare a hasken ƙwai. Ka tuna cewa mai haske ana iya ƙara masa duhu daga baya, mai duhu kuwa sai an kankare daɓen gaba ɗaya.

Abu Sadik:
Ni abin da zan ce, ka fara tabbatar da cewa iroko ɗin ne. An taɓa yi mini ƙofofi aka ce maɗaci ne, ashe farin katako mara nauyi aka rina ja, ban gane ba sai da gara ta cinye gindinsu a damina ta biyu, na koma wurin mutumin ya rantse bai san ni ba. Kala ita ce mafakar macuta a wannan sana'a. Ka haɗa baƙin mai da kananzir ka shafa, ga duhu ga maganin gara, kuɗinka kuma yana aljihunka.

Alhaji Mai Katako:
Subhanallahi, baƙin mai a falo? Wannan na katakon rufin kwano ne, inda ba mai taɓawa. Ba ya bushewa, banish ba zai zauna a kansa ba, zai ɓata tufafi da darduma, ga yara suna rarrafe, ga mutane suna salla a wurin. Malam na Kazaure kuma, gwajin guntaye yana da kyau a kan wasu katakan, amma a kan iroko yaudara ce, domin launin da za su gani a wannan makon ba shi za su gani baɗi ba. Akwai kuma abin da ba wanda ya ambata. Katakon nan daga dazukan kudu ake kawo shi da danshinsa, in iskar hunturu ta buge shi dole ya tsuke, haɗin ya buɗe. A daɓe mai duhu, kowace tsaga za ta fito da farin layi inda kala ba ta shiga ba, ƙura kuma ta cika ta. Na faɗa na ƙara, a bar shi da launinsa.

Injiniya daga Wudil:
Kuna ta gardamar kala, ni kuwa tambayata me ke ƙarƙashin katakon? An bar simintin ya bushe sosai? An shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora? An bar tazarar kamar santimita 1 tsakaninsa da bango domin ya sami wurin kumbura a watan Agusta? Idan ba a yi waɗannan ba, danshi zai taso ya ɗaga banish ɗin ko wace kala ce. Da tun farko ka tambaya, da tayil na ce ka sa, ka shimfiɗa wa mahaifiyarku kafet.

Baban Hafsat:
Injiniya, maganar tayil ta riga ta wuce, kuma kafintan nan shi ya yi wa maƙwabcinmu aiki, ban ji ya yi kuka da shi ba. Batun leda zan tambaye shi. Na karanta wa maiɗakina bayananku, ta ce in dai ba za a yi mai duhun ba, gara a bar shi yadda Alhaji ya ce da a sa ja, domin ja ba zai shiga da labulenta ba. Ni kuma har yanzu ina ganin shafi ɗaya na mahogani, a goge da wuri kafin ya kama sosai, ba zai ɓata komai ba. Kafinta zai zo ranar Asabar, kuma ban ga lokacin yin gwajin guntaye ba.

Alhaji Mai Katako:
Shafi ɗaya ma kala ce, Malam, kuma a kan iroko ɗabbare-ɗabbare za ta fito. Ka turo mana hoton katakon da rana, kusa-kusa, in ga ko ma duk iroko ne aka loda maka, domin ana cakuɗawa.

Maman Walid:
Kuma ita Hajiya da aka yi aikin dominta, an tambaye ta wadda take so?