Murya ta biyu tana ɓace mini a aji, ku yaya kuka yi?

Malamar ƙaramar sakandare, Jos:
Salama gare ku malamai. Zango biyu ke nan ina fama da abu guda a darasin waƙa. Yara 58 gare ni a aji, darasi minti 40, ba kibod. Idan na ware rabin aji na koya musu murya ta biyu, wato wani sauti daban da ake rerawa tare da ainihin waƙar, sukan rera ta tsaf. Amma da murya ta ɗaya ta shigo, kafin a kai ƙarshen layin farko duk sun zame sun bi ta. Na sa sun toshe kunne da yatsa, muryar ta tsaya, sai dai ɓangarorin biyu ba sa tafiya tare, kuma abin ya koma gasar ihu. Wanda ya taɓa haye wannan, don Allah ya faɗa mini abin da ya yi.

Tsohon mai koyar da mawaƙan coci, Kafanchan:
'Yata, fara cire musu yatsan nan daga kunne. Ni ma haka aka koya mini, na yi shekaru ina koyar da shi kafin na gane ɓarnarsa. Yaron da ya toshe kunne ba haɗa murya yake koyo ba, gudun ɗan'uwansa yake koyo.

Ajiye waƙar tukuna. Rabin aji su riƙe do kawai, wato sautin farko a jerin do, re, mi, fa, so, la, ti, a hankali, kowa ya ja numfashi lokacin da ya ga dama don kada sautin ya yanke. Ɗaya rabin su hau do, re, mi, su tsaya a mi. Kada ki yi magana, bar su su ji. A re za ki ga fuskoki sun yamutse saboda sautukan biyu suna gogayya, da an kai mi kuwa sai aji ya yi tsit. Sai su yi musanya. Minti biyar a farkon kowane darasi ya isa. Ina haɗawa da alamun hannu na John Curwen, wanda ya yaɗa sol-fa, wato koyar da waƙa da waɗannan sunayen sautuka, a Ingila: dunƙulen hannu do, tafin hannu a kife mi, babban yatsa ƙasa fa. Hannun dama na ɓangare ɗaya, hagu na ɗayan. Ba allo, ba alli.

Malamin firamare, Zariya:
Baba ya yi gaskiya, amma ni da ƙananan yara nake, ko riƙe do yana yi musu nisa. Abin da ya cece ni Hausar bakinsu ce. Nakan ce su faɗi kuka na hawaye, sannan kuka ta miya. Na farko gaɓoɓinsa biyu a sama suke, ta biyu kuwa sai ta sauko. Babu yaron da ya taɓa rikita su. Sai na ce to, na hawaye so-so ne, ta miya so-mi. Tsarin koyar da waƙa na Kodály na ƙasar Hungary ma da so da mi yake farawa, sannan a ƙara la. Yaranmu tun suna goye suke rarrabe hawa da saukar murya, suna kawai ba a ba abin ba.

Wannan ne ma ya sa idan zan tsara murya ta biyu a waƙar Hausa nake sa ta hau inda ta ɗaya ta hau, ta sauka inda ta sauka. Na taɓa juya ta, sai wata yarinya ta ce Malam, wannan ba Hausa ba ce. Kuma gaskiyarta.

Malama, Maraɗi:
A nan si muke cewa maimakon ti, irin na Faransa. Ni da amshi nake shiga, tunda kowace yarinya ta san shi daga gaɗa. Mai bayarwa ta ja sautinta na ƙarshe, 'yan amshi su shigo tun ba ta saki ba. Murya biyu ke nan sun haɗu ba tare da kowa ya tsorata ba.

Malamin kiɗa, Gombe:
Ban yarda a daɗe a kan so, mi da la ba, musamman a sakandare. Yawancin waƙoƙin da yarana suka tashi da su sauti biyar ne, babu fa babu ti, kuma nan ne murya ta biyu take karyewa. Tazarar sauti tsakanin mi da fa rabin taki ne, haka tsakanin ti da do, su kuwa sai su buɗa ƙafa su yi cikakken taki. Ina sa su sauko daga so zuwa mi ta kan fa sau da yawa kafin su gwada hawa, saukowa ta fi zama a kunne.

Malama, ki kuma duba samarin da muryarsu ta fara fashewa. Wani ba kunnensa ne da matsala ba, sautin ne ya fi ƙarfin maƙogwaronsa a bana. Na taɓa ce wa wani ya riƙa motsa baki kawai, daga ranar bai sake buɗe murya a ajina ba. Har yau abin yana damuna. Yanzu do da so na ƙasa nake ba irinsu su riƙe.

Malamar ƙaramar sakandare, Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mako uku ke nan ina gwadawa. Baba, ranar farko da suka kai mi wasu suka fashe da dariya, wata ta ce ta ji abin yana rawa a ƙirjinta. Na kuma daina raba su dama da hagu, na jera 'yan murya ta biyu a baya don su ji juna. Jiya sun riƙe layi biyu cur, a na uku suka zame, daidai kan fa ɗin da Malamin Gombe ya faɗa. Ranar Talata daga nan za mu tashi.