Sikirif ɗina na cewa aiki bai ƙare ba, alhali vCenter ya gama tun ɗazu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kan PowerCLI, wato umarnin PowerShell da ake rubuta sikirif (jerin umarni) da su don sarrafa vCenter, manhajar VMware mai kula da kwamfutocin VM. A wurin aiki an ce in fitar da kwamfutocin VM (kwamfutocin da ake ƙirƙira da manhaja a cikin babbar kwamfuta) guda 30 daga samfuri ɗaya. Bi-da-bi yana cin lokaci, sai na ƙara -RunAsync a kan New-VM, umarnin ƙirƙirar VM, don kada ya jira ɗaya ta gama kafin ya tura wata, na tara abin da ya dawo a cikin $ayyuka, na sa zagaye yana duba State, wato halin da kowane aiki ke ciki, duk bayan daƙiƙa 15. Har na je La'asar na dawo yana nan yana ta rubuta Running, alhali a vCenter an gama. Bayan Magariba na buga Get-Task don in ga jerin ayyukan, ko ɗaya ban gani ba. Ina na kuskure?

Injiniya: Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa, abin da New-VM ya miƙo maka tamkar hoto ne da aka ɗauka lokacin da aikin ya tashi. Ko ka kwana kana kallonsa ba zai sauya ba. A kowane zagaye sai ka sake tambayar vCenter da Get-Task -Id, ka ba shi lambar aikin, ko ka kira UpdateViewData a kan ExtensionData, inda cikakken bayanin aikin yake, don ya sabunta shi, sannan ka karanta halin daga can. Hali huɗu ne kawai: Queued, Running, Success, Error. Kada ka manta da Queued, don wanda ke layi bai ma fara ba, balle a ce ya gama.

Ɗan Zariya: Duk wannan wahalar ta mece ce? Ka miƙa $ayyuka ga Wait-Task, mai jira har ayyukan su gama, ka sha shayinka.

Injiniya: Malam, in aiki biyu ne ko uku na yarda da kai. Amma 30? Sikirif ɗin zai tsaya cik yana jira, ga shi so yake ya san wacce ta faɗi da dalilin faɗuwarta. Ni tebur nake yi, lambar aiki a gefe, sunan VM a gefe. Wadda ta gama in cire ta, wadda ta faɗi in ɗauko bayanin daga ExtensionData.Info.Error.LocalizedMessage in rubuta a fayil.

Hajiya Admin: Ɓacewar da ka gani bayan Magariba ba laifinka ba ne, ƙanena. Get-Task ayyukan kwanan nan kaɗai yake kawowa: waɗanda ke gudana ko ke layi, da waɗanda suka ƙare cikin minti 10 da suka wuce, kuma a vCenter waɗanda suka ƙaren ba sa wuce 200 na ƙarshe. Saboda haka da zarar aiki ya ƙare ka adana sakamakonsa nan take. In tsohon tarihi kake so, sai ka bi ta CreateCollectorForTasks na TaskManager, wannan kuma karatu ne na wata rana.

Sannan Success a kan Start-VM nufinsa an kunna VM ɗin, ba wai Windows ya gama tashi ba. Na taɓa tura umarni cikin kwamfutoci 12 da ganin Success, duka suka ƙi, na kai tsakar dare ina zargin kalmar sirri. Ka sa Wait-Tools a tsakani, shi ne mai jira har manhajar VMware Tools da ke cikin VM ɗin ta tashi. Kuma ka yanka wa zagayen wa'adi, ko da minti 45 ne, kada aiki ɗaya da ya maƙale ya riƙe ka har Asuba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na gyara da Get-Task -Id da teburin Injiniya, na sake gwadawa: 28 sun fita, biyu sun faɗi, saƙon ya ce wuri ya ƙare a rumbun ajiya. Hajiya, in riƙa tura su biyar-biyar ne, ko in bar vCenter ya jera su da kansa?

Hajiya Admin: Biyar-biyar. Ɗaya ta gama, ka saki wata, kana duba sauran wuri kafin kowace.