Shin akwai karatun share fage kyauta ga yaron da bai kai shiga aji ɗaya ba?

Maman 'Yan Biyu, Rigasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san yadda makarantun gwamnati suke tafiya a jihar nan ta Kaduna. Ina da 'yan biyu da za su cika shekara biyar a watan Yuli, sai Gambo da ke bi musu, wanda bai daɗe da cika shekara uku ba. Mahaifinsu Keke Napep yake tuƙawa, kuma keken ba nasa ba ne, kullum sai ya cire balas ɗin mai shi kafin ya san abin da zai shigo da shi gida, ni kuma ina ɗan taɓa ɗinki. Bara mun yi ƙarfin hali mun sa 'yan biyun a wata makarantar kuɗi ta cikin unguwa, muka biya zangon farko da rabin na biyu, daga nan aka riƙa koro su gida da 'yar takarda a aljihun riga saboda cikon kuɗi, har muka haƙura muka bar su da Islamiyyar yamma kaɗai.

Wata maƙwabciyata ta ce mini akwai rabin aji, wato ajin share fage, a makarantun firamare na gwamnati (L.E.A.) kuma ba a biyan ko sisi, wata kuma ta rantse cewa ba a karɓar yaro sai ya kai shekara shida, har sai ya iya zagayo da hannunsa ta saman kai ya taɓo kunnensa. Wanne ne gaskiya? Wace takarda ake buƙata, kuma sai mun karɓo shaidar rashin ƙarfi daga wurin mai unguwa? Sannan tsakani da Allah, ana koya wa yara wani abu a can, ko tara su kawai ake yi a kan tabarma har a tashi?

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. 'Yata, zancen taɓo kunne tsohon yayi ne, da shi aka ɗauke mu a zamanin da ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Shekara shida ta shiga aji ɗaya ce, amma akwai aji kafin shi, kuma 'yan biyunki suna da haƙƙi a cikinsa.

Tushen maganar shi ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa UBEC, hukumar ilimin tushe ta tarayya. A inda dokar ta fassara abin da ake nufi da ilimin tushe, ta haɗa renon yara da karatunsu na kafin firamare tare da shekara tara na firamare da ƙaramar sakandare. Sai dai a inda ta ɗora wa gwamnatoci wajibcin samar da karatu kyauta, yaran da suka kai shekarun firamare da ƙaramar sakandare ta ambata, kuma ta wannan 'yar kafa ce sakaci ya samu hanyar shiga. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta zo ta toshe wani sashe na giɓin, domin ta ware shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara biyar ta sa ta cikin karatun da yake kyauta kuma dole, shi ya sa ake kiran tsarin 1-6-3-3-4. Yaran da ba su kai haka ba kuwa, manufar ta bar renonsu a hannun masu zaman kansu da hukumomin jin daɗin jama'a. Saboda haka al'amarin Gambo ya danganta da makarantar da kika je: wadda take da ɗaki da malama takan karɓi 'yan shekara uku da huɗu, wadda ba ta da su za ta ce ki dawo in ya ƙara girma.

Dalilin da ya sa za ki ga rabin aji a wannan makaranta ki rasa shi a waccan, kuɗi ne. Doka ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya domin ilimin tushe, kuma jiha ba ta cin moriyar babban kason gine-gine sai ta ajiye nata daidai da wanda za a ba ta. A tsarin rabon da muka yi aiki da shi shekara da shekaru, kashi 5 kacal ne na ajin share fage, 60 na firamare, 35 na ƙaramar sakandare. Hedimastan da yake da yara fiye da ɗakunansa, in aka ce ya zaɓa tsakanin 'yan aji shida masu jarrabawa a gabansu da 'yan rabin aji, kin san waɗanda zai tura ƙarƙashin bishiya. Ni ma na taɓa yin haka, ba kuma ina alfahari da shi ba ne.

Ba a neman shaidar talauci, domin makarantar ta kowa ce. Ki tafi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin rigakafi, da ƙananan hotunan yaran, kuma kada ki jira sai an koma sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, ki je tun kafin a yi dogon hutu ki ga hedimasta da kanki. Idan aka nemi kuɗin shiga ko na fom, ki tambaya cikin ladabi ko za a ba ki rasiɗi, domin wannan tambayar kaɗai takan kashe maganar. Dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗi a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun, ko da yake tsadar rayuwa ta daɗe da cinye tarar. In abin ya ci tura, akwai kwamitin al'umma mai sa ido kan makaranta, wato SBMC, sama da shi akwai Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarku ta Igabi, sannan SUBEB, hukumar ilimin tushe ta jiha.

Ɗan Zazzau a Amurka

Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya. Tambayar 'yar'uwa kan shaidar rashin ƙarfi ta tuna mini da yadda ake yi a nan, inda akwai shiri na musamman mai suna Head Start da aka keɓe wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi. An fara shi a 1965, zamanin shugaba Lyndon Johnson, a matsayin karatun mako takwas na lokacin bazara, kuma yara fiye da rabin miliyan suka shiga a shekarar farko. A 1994 aka ƙara masa reshe na mata masu juna biyu da yaran da ba su kai shekara uku ba. A nan kam sai an duba abin da iyali suke samu a shekara, kuma ba duk wanda ya cancanta ke samun gurbi ba, wasu sukan daɗe a jerin masu jira. Abin da ya fi burge ni a shirin ba karatun ba ne, haɗa shi da aka yi da abinci da duba lafiya ne: ana auna gani da ji da haƙoran yaro, ana bibiyar rigakafinsa, iyaye kuma suna da kujeru a majalisar da ke yanke shawara kan tafiyar da cibiyar.

Game da ko yana da amfani, gaskiya masana sun yi ta muhawara. Babban binciken da gwamnatin Amurka ta sa aka yi ya nuna cewa fifikon da yaran shirin suka samu a jarrabawa ya dusashe kafin su gama aji uku. Amma wani ƙaramin gwaji da aka fara a 1962 a jihar Mishigan da yara 123, aka kuma bi rayuwarsu har suka kai shekara 40, ya nuna waɗanda suka yi karatun share fage mai inganci sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma ba su kai sauran yawan faɗawa hannun 'yan sanda ba. Wanda ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne na Jamaika, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, abin da yaran suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a koya wa uwayensu hakan ba da kashi 25 cikin 100. Wannan ya shafi Gambo kai tsaye ko da ba a karɓe shi a makaranta ba.

Malamar Rabin Aji, Kawo

'Yar'uwa, ni aikina ke nan, don haka bari in amsa tambayarki ta ƙarshe ba tare da rufa-rufa ba. Akwai ajin da tara yara kawai ake yi, akwai kuma wanda ake aiki, kuma ba sai an gaya miki ba, idonki zai nuna miki idan kika je da misalin ƙarfe goma na safe kika tsaya a bakin taga na ɗan lokaci. Ki ƙirga yaran. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 25, ni kuwa na taɓa riƙe fiye da ninki uku na haka ni kaɗai, kuma a irin wannan rana rabin lokacina a raba faɗa da raka masu fitsari yake ƙarewa. Ki duba ko akwai banɗaki da ruwa kusa, ki duba ko malamar tana kiran yaran da sunayensu ko kuwa "kai" da "ke" kawai take yi da bulala a hannu.

Kada zaman tabarma ya tsorata ki, domin ɗan shekara biyar ya fi sakewa a ƙasa fiye da kan bencin da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A ajina babu kayan wasan kanti. Ina da wani tsohon gwangwanin madara cike da murafun kwalaben lemo, da su muke ƙirga, mu ware ja daban, kore daban. Ina da faranti mai yashi da yaro zai zana harafi da yatsa, in ya ɓata ya share da tafin hannu ya sake, ba kuka ba asarar takarda. Akwai wata yarinya da ta yi mako uku ba ta ce uffan ba, tana maƙale da jakarta a lungu, ranar da na fara tatsuniyar Gizo na ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ita ce ta riga kowa amsawa da "Ta zo mu ji ta".

Inda muke yawan samun saɓani da iyaye shi ne zancen Turanci da aikin gida. Uwa takan zo ta ce ɗan maƙwabta da ke makarantar kuɗi yana rera A zuwa Z kuma kullum yana dawowa da aikin gida, nata kuwa waƙa da wasa kawai yake yi da Hausa. Sau da yawa wancan yaron hadda ya yi, in kika nuna masa harafi ɗaya a tsakiya ba zai gane shi ba. Abin da malamin aji ɗaya yake buƙata shi ne yaron da zai iya riƙe fensir, ya saurari magana har ƙarshe, ya jira layinsa, ya faɗi abin da ke damunsa, ya kuma gane cewa shida ta fi huɗu yawa. Idan kika samu dama ki tambayi malamar ko takardar shaidar malantarta ta NCE a fannin renon ƙananan yara ce, domin kwalejojin ilimi suna koyar da shi a matsayin fanni mai zaman kansa, sai dai a makarantu da yawa wanda ya rage bayan an gama rabon azuzuwa shi ake turowa rabin aji.

Ki kuma tabbata sun karya kumallo kafin su fita, ki sa musu ɗan abin taɓawa da ruwa. Shirin ciyarwa na tarayya da aka fara a 2016 'yan aji ɗaya zuwa uku aka tsara wa, don haka kada ki ɗora lissafinki a kansa. Gambo kuma, tunda ɗinki kike yi, ƙyallayen da ke zubewa a gindin kekenki da maɓallai manya waɗanda ba zai iya haɗiyewa ba sun ishe shi koyon launi da ƙirga, muddin kina yi masa magana kina kuma barin sa ya ba ki amsa.

Baban Yara, Kakuri

Ban ƙi abin da malamai suka faɗa ba, amma kalmar kyauta tana buƙatar a yi mata ƙari. Yunifom da takalmi da littafin rubutu duk daga aljihunki za su fito, kuma na yara biyu ne a lokaci guda, ga kuɗin PTA da wasu makarantu ke sakawa da sunan gyaran rufi ko sayen alli. Abu na biyu shi ne hanya. 'Yan rabin aji sukan riga manya tashi, kuma ɗan shekara biyar ba ya tsallaka titi shi kaɗai a unguwa mai cunkoso irin Rigasa. Ni sai da muka haɗu gida huɗu muka yi karo-karon ɗauko yara, kowane gida da ranarsa, kafin abin ya zauna.

Maman 'Yan Biyu, Rigasa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na je makarantu biyu kamar yadda Malama ta ce. Ta farko ta fi kusa da mu, amma na ƙirga yara har na gaji ban kai ƙarshe ba, kuma malamar tana zaune a bakin ƙofa tana danna waya. Ta biyun akwai ɗan nisa, yaran ba su kai na farko yawa ba, na tarar suna tafa hannu suna ƙirga da duwatsu, kuma hedimastan ya rubuta sunayen 'yan biyun a littafi bai nemi komai ba, ya ce Gambo sai baɗi in Allah ya kai mu. Matsalar da ta rage ita ce Husaini ne kaɗai yake da takardar haihuwa, ta Hassana ta jiƙe ta lalace a daminar bara. Baba Hedimasta, shin katin rigakafinta zai wadatar a karɓe ta kafin in samo wata, ko in fara zuwa asibitin da na haife su tukuna?