Kwalekwalen hurawa na fam 60: a shiga teku da shi ko a haƙura?

Baban Hanif: Slm jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Jiya na ga kayak ɗin nan na roba da ake hura wa iska a wani babban kanti nan Manchesta, fam 60 kacal har da famfo da filafili biyu, na kasa haƙuri na ɗauko. Asabar za mu je Rhyl da iyali, ina so in ɗan zaga da Hanif a bakin teku, ba nisa za mu yi ba. Akwai wanda ya taɓa amfani da irinsa?

Maman Ilham: Wslm. Hanif ɗin shekararsa nawa yanzu, kuma ya iya ruwa?

Baban Hanif: Bakwai. Yana zuwa darasin ninƙaya a makaranta dai

Ɗan Yawuri: Baban Hanif don girman Allah tsaya ka ji nawa tukunna. Ni a bakin Kwara na tashi, tun ina firamare nake tuƙa kwalekwalen katako, don haka da na sayi irin naka shekaru uku da suka wuce gani nake wasan yara ne. Muka je Skegness da ƙanin matata, rana ta fito tar, teku kwance luf kamar an shimfiɗa tabarma. Muka shiga, muna ta hira da dariya, ko minti goma ba a yi ba na waiga sai na ga mutanen da ke kan yashi sun koma kamar tururuwa. Na ce mu juya. Wlh muna tuƙi hancin jirgin yana karkacewa, ka buga dama ya yi hagu ka buga hagu ya yi dama, tsakiyarsa ta lotsa inda muke zaune kamar ayaba, can sai filafilin hannuna ya rabu biyu daga mahaɗarsa rabin ya bi ruwa. Waya kuma na baro ta a mota wai kar ta jiƙe. Masu ceto na bakin tekun ne suka hango mu suka zo suka ja mu, yaron nan har muka dawo gida bai ce min uffan ba.

Baban Hanif: Innalillahi. To faci ya yi ne?

Ɗan Yawuri: Ko alama, har yau yana sito lafiyarsa ƙalau. Kowa tsoron huda yake, alhali iska ce matsalar. Ka san gorar da masunta ke hawa a Argungu, ka sake ta a ruwa ba kowa a kai ka ga yadda iska ke gudu da ita, to haka abin nan yake, ba nauyi, duk jikinsa a saman ruwa yake babu abin da ya nutse ya riƙe shi. Kuma abin da ya yaudare ni, idan iska daga tudu take busowa zuwa teku ita ce ke kwantar da ruwan bakin gaɓa ya yi kyau, sai ka matsa gaba inda gidaje da tudu suka daina kare ka sannan ka ji ƙarfinta

Injiniya Sabo: Gaskiya ya faɗa. Kuma inda ka zaɓa ɗin ma abin dubawa ne. Iskar ƙasar nan yawanci daga kudu maso yamma take zuwa, gaɓar arewacin Wels kuma arewa take kallo, ka ga ke nan sau da yawa a Rhyl iskar waje za ta tura ka. Haka Skegness da ke gabas. In ka isa bakin teku mai masu ceto na RNLI, ƙungiyar ceton rai a teku, ka duba sama, idan sun ɗaga wata jakar iska ruwan lemo mai kama da hannun riga, ma'anarta kar a saka komai na hurawa a ruwa. Tsakanin tuta ja da rawaya na masu wanka ne, baƙi da fari mai gida-gida nan ne wajen masu kayak da allon hawa igiyar ruwa, ja zalla kuma ba a shiga kwata-kwata.

Maman Ilham: Ni sanyin ruwan ne ma ya fi damuna, aikin asibiti ya sa na daina raina shi. Duk ruwan da ya gaza digiri 15 yana iya ƙwace wa mutum numfashi da ya faɗa, ka ja iska da ƙarfi ba da sonka ba ka shaƙi ruwa, tekun ƙasar nan kuma matsakaicinsa wajen 12 ne. Ninƙayar da Hanif ke yi a ruwan ɗumi na cikin gini daban take yaya. Abin da RNLI ke koyarwa shi ne in ka faɗa kar ka yi kokawa, ka kwanta rigingine kunnuwa cikin ruwa ka buɗe hannu da ƙafa har numfashi ya dawo

Auta: Haba ku kam kun cika tsoratar da mutum 😂 ni ina da shi kuma ba abin da ya taɓa samuna

Injiniya Sabo: A ina kake hawa Auta?

Auta: Kanal ɗin bayan gidanmu

Injiniya Sabo: To ai ka ba wa kanka amsa. Kanal ko ka kife taku biyu ka kama gefe. Af, ka san ana yankar lasisi kafin a tuƙa a kanal ko? In kana da katin Paddle UK, ƙungiyar masu tuƙa kwalekwale, ya wadatar a yawancinsu.

Auta: Wannan kuma mu bar shi a nan 🙈

Hajiya Faransa: Mu nan Faransa doka ce ma ta raba gardama. Kwalekwalen da bai kai mita 3.5 ba, ko na hurawa mai ɗakin iska guda, kayan wasan bakin ruwa ake ɗaukarsa, ba a yarda ya wuce mita 300 daga gaɓa ba. Baban Hanif ɗauko kwalin ka karanta ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa

Baban Hanif: Na duba Hajiya. An zana hoton iska an ja masa layi, an kuma rubuta wai don ruwa mai kariya ne kawai. A gaban kwalin kuwa hoton mutane ne a wani shuɗin ruwa suna washe baki

Injiniya Sabo: Haka suke yi. Irin waɗannan iskar da suke ɗauka ba ta wuce PSI 1 da ɗan wani abu a ma'aunin matsin iska, shi ya sa suke lanƙwashewa. Masu tsadar akwai zare dubbai a ciki da ke haɗa sama da ƙasa, suna ɗaukar 8 zuwa 10 su yi tauri kamar katako, amma su ma iska na tura su, ba wai sun tsira ba ne. Sannan kar ka hura shi tam ka bar shi kan yashi a rana, iskar ciki na kumbura ta ɓare ɗinki. Ga kuma janyewar teku, sau biyu a rana take cika ta koma, ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu, in ta haɗu da iskar tudu ko kai kaɗai ne da ƙarfinka ba ka dawowa balle da yaro a gaba.

Ɗan Yawuri: Shawarata, tunda Wels za ku je ku ƙara gaba kaɗan zuwa tafkin Padarn a Llanberis, akwai masu ba da hayar kayak na gaske da rigar ruwa mai hana nutsewa. Shi ma da sanyi da zurfi fa, ku bi gefe. Waya a jakar da ruwa ba ya shiga, a wuyanka, ba a mota irin tawa ba. In abu ya faru a teku kira 999 ka ce kosgad, wato masu gadin teku, kake nema, kuma kar a saki jirgin a ce za a yi iyo zuwa gaɓa, shi ake hangowa daga nesa ba kan mutum ba

Baban Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Rhyl za mu je a yi wasan yashi kawai, jirgin ya zauna a gida. Maman Ilham rigar ruwan yaro da shekaru ake saye?

Maman Ilham: Da nauyi, ka auna shi tukunna. Ka nemi mai ƙeya wadda ke juyo da fuska sama, mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ka saka masa ka kama kafaɗun ka ɗaga, idan ta haura kunnensa ta yi masa yawa

Auta: Baban Hanif in sayarwa za ka yi ina da fam 25

Baban Hanif: Rasit ɗina na nan Auta, je ka yanki lasisi tukunna 😂