Wai da gaske an taɓa rubuta Sifaniyanci da ajami?

Ɗan Gwandu:
Assalamu alaikum jama'a. Kakana ya rasu bara, ya bar mana gafaka biyu cike da takardu a nan Gwandu. Da na zauna warware su, sai na tarar yawanci waƙoƙin wa'azi ne na Hausa da Fulatanci, duk da ajami. Gara ta ci gefen wasu, tawadar ta koma ja-ja. Na kai wa wani malamina a Birnin Kebbi, ya juya shafi biyu ya ce, "Ka san mutanen Sifaniya ma sun yi irin wannan?" Kafin ya ƙarasa aka kira salla, maganar ta tsaya mini a rai. Shin gaskiya ne? Sannan yaren nan na Katalan da mutanen Barsalona ke yi, yana da adabinsa, ko karin harshe ne kamar Sakkwatanci da Kananci?

Malamin Jega:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho. Ɗana, malaminka bai yi ƙari ba. Sunan ma ɗaya ne. Su suna cewa aljamiado, daga al'ajamiyya ta Larabci, inda ajaminmu ya samo suna. Musulmin da suka zauna ƙarƙashin sarakunan Kirista, musamman a Aragon, Larabci ya riƙa suɓuce wa 'ya'yansu, sai suka koma rubuta harshen da suke yi a gida da baƙaƙen Larabci: fiƙihu, addu'o'i, ƙissoshin annabawa. Akwai doguwar waƙa kan ƙissar Annabi Yusuf, Poema de Yuçuf. Bayan Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, ta faɗi a 1492 aka zo aka tilasta musu barin addini, rubutun ya koma na ɓoye, har aka kore su tsakanin 1609 da 1614.

Abin da kullum ke sa ni hawaye shi ne na garin Almonacid de la Sierra. A 1884 ana gyaran wani tsohon gida, aka ɗaga daɓe, sai ga tarin littattafai a ƙasa. Mai su ya ɓoye su, ga alama yana sa ran dawowa. Shekara kusan 270 suna kwance suna jiransa.

Har Cervantes, marubucin Sifaniya, ya san da mutanen nan. A littafinsa Don Quixote, wanda ya fito a 1605, mai ba da labarin ya ce a kasuwar Toledo ya sayi takardun da rubutun Larabci, ya nemo ɗaya daga cikin mutanen nan ya fassara masa.

Bazamfare:
Ni ta Katalan zan amsa, yayana. Harshe ne mai zaman kansa. Da shi da Sifaniyanci duk daga Latin suka fito, amma kowa da hanyarsa. Tun ƙarni na 13 Ramon Llull, mutumin tsibirin Mayorka, yake rubuta falsafa da shi. Ya koyi Larabci har ya yi rubutu da shi, ko da yake burinsa janyo Musulmi zuwa Kiristanci ne, har Tunis ya je don haka. A 1490 aka buga Tirant lo Blanc na Joanot Martorell a Balensiya. Cervantes ya yaba shi: a wurin da ake ƙona littattafan Don Quixote, wannan na cikin waɗanda aka tsame daga wuta.

Siyasa ce ta danne harshen. Barsalona ta faɗi a hannun sojojin sarkin Sifaniya a 1714, shi ya sa idan kana kallon ƙwallonsu a gida za ka ji filin ya ɗauki ihu a minti 17 da daƙiƙa 14. Marubuta sun farfaɗo da shi a ƙarni na 19, aka dawo da gasar waƙa ta Jocs Florals a 1859. Janar Franco, mai mulkin kama-karya na Sifaniya, ya sake matse shi daga 1939. Mercè Rodoreda a gudun hijira a Janiba ta rubuta La plaça del Diamant, ya fito a 1962.

Malama daga Gusau:
Ba ku taɓo wasan kwaikwayo ba, kuma can zuciyata take. Ina koyar da 'yanmata, na taɓa ba su labarin La casa de Bernarda Alba na García Lorca, wanda ya gama a 1936, shekarar da aka kashe shi. Miji ya mutu, uwa ta rufe 'ya'yanta mata biyar a gida, ta ce zaman makoki na shekara 8 za a yi. Aji ya yi tsit. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai takaba wata 4 da kwana 10 ce, kuma matar ce ke yi, ina ruwan 'ya'ya?" Mun cinye darasin nan kaf muna muhawara. Lorca ɗin nan da kansa ya riƙa yawo ƙauyuka da ɗaliban jami'a a ƙungiyar La Barraca tun 1932, suna nuna wa manoma wasannin Lope de Vega da Calderón a dandali.

Ɗan Gwandu:
Allah ya saka da alheri, Baba Malam, da ku duka. Labarin daɓen nan ya hana ni barci jiya. Da asuba na fiddo takardun na shimfiɗa a tabarma, na ƙirga ganye 212. Na fara ɗaukar hotonsu da waya ɗaya bayan ɗaya, na kai 40. Wanda ya san maganin gara da ba zai ɓata tawada ba, don Allah ya faɗa mini kafin damina.