Ribas da ƙaramar tirela ya gagare ni, a taimaka da shawara

Jama'a, barkanku da warhaka. Wata biyu ke nan da na sayi ƙaramar tirelar kwana, irin mai gado ɗaya da ɗan wurin girki a baya. Tafiya gaba ba matsala, har na saba da buɗe kwana sosai don kada tayarta ta hau gefen titi. Ribas ne ya tsaya mini a wuya.

Ƙa'idar na san ta: ka riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannunka ya nufa can bayan tirelar zai nufa. A baki da sauƙi. Da na ɗan murza, kafin in ankara ta karkace tana neman manne wa gefen motar. Tazarar da ke tsakanin mahaɗi (inda ake ɗaura ta a bayan motar) da tayoyinta kaɗan ce, shi ya sa take saurin juyawa. Ga shi motar ta fi ta faɗi, ba na ganinta a madubi sai ta riga ta kauce. Jiya sau bakwai ina fita ina leƙawa, ƙarshenta na kwance ta na tura da hannu, ina ta haɗa gumi. Ni kaɗai nake tafiya, babu mai tsaya mini a baya yana cewa "taho, taho".

Masu jan irin wannan su kaɗai, me kuke kallo lokacin ribas? Ɗaura sanda mai tuta a kusurwoyinta na baya yana taimakawa, ko kyamara ce mafita?

Sai kuma nauyin da ke sauka kan mahaɗi, wanda ake so ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. Yaya kuke auna shi a gida? Ina tambaya ne don tirelar tana ɗan rangaji duk lokacin da babbar mota ta wuce ni, ina zargin nauyin ne bai daidaita ba.